Dariya a Lokacin Yaƙi: Fina-finan Soyayya da Barkwanci na Ƙasar Hungari, 1939 zuwa 1944

 

 Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan taro da suka ga dacewar a ware lokaci don fina-finan wata ƙasa da ba kasafai sunanta ke zuwa bakinmu ba.

Maganata a yau a kan fina-finan soyayya masu ban dariya ce, waɗanda aka yi a Hungari, can tsakiyar Turai, a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Tambayar da ta ja ni gare su ita ce: yaya aka yi ƙasar da ke tura samarinta bakin daga, tana kuma korar wasu 'ya'yanta daga sana'a saboda asalinsu, ta zuba fina-finan dariya fiye da duk abin da ta taɓa yi tun da fim ya fara magana? Abin da nake so in tabbatar muku kafin in zauna shi ne, fina-finan nan aikin gwanaye ne, sun cancanci a kalle su har yau, amma mai kallo ba zai fahimce su ba sai ya san mutanen da suka gina sana'ar, aka kore su ana gab da cin moriyarta.

Na ɗaya: ƙasar da masu sayen tikitinta

Hungari ta fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya a karye. Yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta yanke mata kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, aka raba wa maƙwabta. Sunanta masarauta, amma gadon sarautar babu kowa a kai; Miklós Horthy, tsohon hafsan sojan ruwa, shi ya yi riƙon ƙwarya daga 1920 har 1944. Manyan gonaki suna hannun gidajen sarauta 'yan ƙalilan da coci, talaucin karkara kuwa ya kai har wani marubucin lokacin ya kira ta ƙasar mabarata miliyan 3. A Budapest, babban birnin, bayan karyewar tattalin arzikin duniya na 1929, matasa masu digiri suna yawo da takardunsu ba aiki. Ku riƙe wannan matashi a ranku, da ƙanwarsa mai buga tafireta a wani ofis, domin su ne masu cika gidan silima. Burinsu bai wuce aiki mai albashi tsayayye ba. Akwai ma fim na 1936, Havi 200 fix, wanda ma'anar sunansa ita ce albashin 200 duk wata ba fashi, a kuɗin pengő da ake kashewa a lokacin.

Wurin ɗaukar fim kuwa biyu ne manya: Hunnia, wadda ke hannun gwamnati, da Magyar Film Iroda. Furodusoshi ƙananan 'yan kasuwa ne da ke hayar sutudiyo kwana-kwana, don haka fim yakan ƙare cikin kamar mako biyu. Wanda ba shi da kuɗin tara dubban mutane ko gina birni don kyamara, me ya rage masa? Ɗakuna biyu ko uku, 'yan wasa ƙwararru, da magana mai kaifi. Ita kuwa magana mai kaifi Budapest ba ta rasa ta ba, domin tana da gidajen wasan kwaikwayo da na barkwanci da na wasan waƙe da suka daɗe suna horar da marubuta. Hajarsu ta kai ƙasashen waje. Fim ɗin da Ernst Lubitsch ya yi a Amurka a 1940, The Shop Around the Corner, daga wasan Miklós László aka ɗauko shi, labarin ma a wani kanti na Budapest yake faruwa. A Italiya, Vittorio De Sica ya gina wasu daga fina-finansa na farko a kan labaran marubutan Hungari.

Na biyu: fina-finai biyu da suka kafa tubali

Sai mun koma baya kaɗan, domin duk abin da aka yi a lokacin yaƙi a kan fina-finai biyu ya tsaya.

Na farkon shi ne Hyppolit, a lakáj, na 1931, wanda István Székely ya ba da umarni. Mátyás Schneider ɗan kasuwar sufuri ne da arziki ya zo masa da rana tsaka. Matarsa ta ga ai yanzu sun zama manya, sai ta ɗauko wani babban hadimi mai suna Hyppolit, wanda ya yi shekara 27 yana hidima a gidan wani basarake. Hadimin nan ya shigo ya karɓe gidan. Shi ke faɗin kayan da maigida zai sa kafin ya zauna cin abinci, shi ke faɗin abin da za a ci, har ta kai maigida sai ya ɓuya kafin ya ci albasar da ransa ke so. Gyula Csortos ne hadimin, Gyula Kabos ne maigidan, sannan wani saurayi mai gashin baki, Pál Jávor, shi ne ma'aikacin da 'yar gidan ke so alhali uwarta na da wani a rai. Ku lura da sunan Kabos. Gajeren mutum ne mai in'ina da gangan, mai fara magana ya kasa ƙarasa ta, kullum cikin fargabar kada a gane bai iya zaman manya ba. Ɗan birnin Budapest ya ga kansa a jikinsa, ya so shi so mai tsanani.

Na biyun shi ne Meseautó, wato motar tatsuniya, na 1934, aikin Béla Gaál. Shugaban wani banki ya ga wata yarinya tana sha'awar wata mota mai tsada a wurin sayar da motoci. Bai san cewa ma'aikaciyar bankinsa ce ba, ita ma ba ta san fuskarsa ba. Sai ya shirya aka ce mata ta ci motar kyauta a matsayin mai ziyara ta 10,000, shi kuma ya zo ya gabatar da kansa a matsayin direba. Me yake nema? Yana so ya ga ko za a so shi ba don kujerarsa ba. Jenő Törzs ne shugaban bankin, Zita Perczel ce yarinyar, Kabos da Ella Gombaszögi kuma suna gefe suna ba da dariya da tasu soyayyar ta 'yan ofis. Fim ɗin ya karɓu har Ingila ta sake yin nata a 1935.

Daga nan aka sami ma'aunin da aka yi ta awo da shi shekara goma: mai kuɗi ya yi ɓad-da-kama ya zama talaka, ko talaka a ɗauke shi mai kuɗi, rashin fahimta ya shiga tsakanin masoya, a yi waƙa biyu ko uku da za a fita ana rerawa a titi, a ƙarshe gaskiya ta fito, a ɗaura aure. Mu da muka saba da fim ɗin soyayya mai waƙa a tsakiya, na Indiya da namu na gida, wannan tsari ba baƙonmu ba ne. Sai dai a lura da abin da auren ke yi a labarin. Shi ne tsanin da yarinya mai buga tafireta ke hawa ta shiga gidan manya, ba tare da an taɓa tsarin da ya raba manya da ƙanana ba. Shi ya sa talaka ya ji daɗi, mai mulki ma bai ji tsoro ba.

Na uku: dokokin da suka raba sana'ar da masu ita

Kaso mai yawa na furodusoshi da daraktoci da marubuta da 'yan wasan da suka gina wannan masana'anta Yahudawan Hungari ne, mutanen da Hungariyanci ne harshensu na gado, waɗansunsu ma sun daɗe da shiga addinin Kirista. A watan Mayun 1938 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ƙayyade cewa kada Yahudawa su wuce kashi 20 cikin ɗari a sana'o'i irin su jarida, lauyanci, likitanci, wasan kwaikwayo da fim. A 1939 doka ta biyu ta rage kason zuwa 6 cikin ɗari, ta kuma koma duba asalin iyaye da kakanni. Aka kafa wata majalisar 'yan wasa da 'yan fim ƙarƙashin ɗan wasa Ferenc Kiss. Wanda ba ya cikin rajistarta ba shi da izinin aiki. Ina so ku lura da shekarun. Sojan Jamus bai mamaye Hungari ba sai 1944. Waɗannan dokoki majalisar ƙasar ce ta yi su da hannunta.

Mu ɗauki Meseautó kawai, mu bi sawun waɗanda suka yi shi. László Vadnay, ɗaya daga marubutansa, ya tafi Amurka. Jenő Törzs da Ella Gombaszögi an raba su da kyamara. Gyula Kabos, mutumin da ya fi kowa ba ƙasar dariya, ya bar ta a 1939. A Amurka ba shi da harshen da zai yi sana'arsa da shi, sai ya riƙa zagaya ƙananan dandamali yana yi wa 'yan ƙasarsu mazauna can wasa, har ya rasu a New York a 1941 yana da shekara 54. Shi kuwa darakta Béla Gaál, a sansanin gwale-gwale na Dachau ya mutu a 1945. István Székely na Hyppolit tun kafin dokokin ya hango inda aka dosa, ya riga ya ƙaura Amurka.

To wa ya ci gaba da rubuta dariyar? A nan ne abin ya ɗaure kai. Sababbin furodusoshin da aka ba lasisi sun gaji sutudiyo da kasuwa, amma ba a gadon iya rubuta barkwanci da takardar gwamnati. Sai aka shiga aron suna. Bayahude ya rubuta labari a ɗakinsa, wani Kirista ya sa sunansa a kai, a raba kuɗin. Haka wasu kamfanonin: sunan da ke kan takarda daban, mai kuɗin da mai sanin aikin daban. Károly Nóti, wanda ya yi aikin rubutun Hyppolit, yana cikin waɗanda suka ci gaba da rubutu ba tare da sunansu ya fito a allo ba. Hukuma ta san ana yi, 'yan ra'ayin riƙau suna ta ƙorafi a jaridu, amma masana'antar ba ta iya tafiya ba tare da su ba. Saboda haka idan kuka ga sunayen da ke gudana a farkon fim na 1942, kada ku ɗauka kun gama sanin waɗanda suka yi shi.

Akwai doka ta uku, ta 1941, wadda ta fi kowacce kusa da batunmu: ta haramta aure tsakanin Bayahude da wanda ba Bayahude ba. Ku auna wannan. Kowane mako allon silima yana gaya wa mutane cewa so ya fi ƙarfin matsayi da dukiya, cewa shugaban banki zai iya auren 'yar ofishinsa. A waje kuwa akawun ɗaurin aure yana neman takardun kakanni kafin ya yarda.

Na huɗu: dalilin da kasuwa ta buɗe

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Tsakanin 1938 da 1941, da taimakon Jamus da Italiya, Hungari ta karɓo wasu yankunan da ta rasa: kudancin Sulobakiya, yankin Karpatiya, arewacin Transilbaniya, da wani ɓangare na Yugoslabiya. Garuruwa irin su Kassa da Kolozsvár da Nagyvárad suka dawo da gidajen silimarsu da masu jin harshen. Sannan yaƙi ya toshe fina-finan Faransa da Ingila, bayan Disambar 1941 kuma, da ƙasar ta shiga yaƙi da Amurka, na Hollywood ma suka daina zuwa. Gurbi ya samu a gida da waje, har Italiya da Bulgeriya suna saye. A shekarun 1942 da 1943 ana fitar da fim sama da 40 a shekara, abin da ya sa Hungari ta shiga sahun ƙasashen da suka fi fitar da fim a nahiyar Turai. Faɗuwar wani tashin wani.

Na biyar: su kansu fina-finan

Bari in ba ku labarin uku, ku ji abin da ya haɗa su.

Katyi, na 1942, Ákos Ráthonyi ne ya ba da umarni, matarsa Klári Tolnay ce jarumar. Wata budurwa mai son zama 'yar wasa ta gamu da wulaƙancin wani shahararren ɗan wasa, wanda Tivadar Bilicsi ya fito a matsayinsa. Maimakon ta koma gida ta yi kuka, sai ta ɗaura kayan ƙauye, ta canza harshe, ta shiga gidansa a matsayin 'yar aiki. Ta hargitsa masa gida, ta hana shi sakat, shi kuwa bai gane cewa wasan da ya ce ba ta iya ba shi ake yi masa a falonsa ba. Duk mai son koyon wasa a cikinku ya nemi wannan fim ya kalli Tolnay. Mutum biyu take ɗauke da su a lokaci guda, 'yar ƙauyen da maigida ke gani da 'yar birnin da mu muke gani, kuma da ƙwayar ido kawai take sauya su.

Na biyu da na uku duk na Kálmán Latabár ne, wanda ya cike gurbin da Kabos ya bari, ko da yake hanyarsu ba ɗaya ba ce. Kabos da baki yake ba da dariya, Latabár da jiki. Ɗan gidan 'yan wasa ne kaka da kakanni, ya koyi rawa, ya yi yawon dandamalin Turai tare da ƙanensa kafin ya shiga fim, don haka faɗuwarsa da tuntuɓensa duk a kan ƙa'ida suke. A Egy bolond százat csinál na 1942, wato mahaukaci ɗaya kan haifar da ɗari, wanda Emil Martonffy ya yi, ma'aikacin gidan abinci ne da ya yi kama da wani shahararren maharbin namun dajin Afirka, sai wasu masu neman abin duniya suka sa shi ya yi sojan gona. A Egy szoknya, egy nadrág na 1943, wato siket ɗaya wando ɗaya, aikin Ákos Hamza D., shahararren ɗan wasa ne da kishi ya kama, domin wani basarake da aljihunsa ya bushe yana neman matar da yake so. Sai ya shiga kayan mata, ya fito a matsayin wata attajira 'yar Sifaniya da mijinta ya rasu, don ya ja hankalin basaraken ya tona kwaɗayinsa.

Kun ji zaren? 'Yar birni a kayan 'yar aiki, ma'aikaci a rigar maharbi, namiji a siket. Ɓad-da-kama tsohuwar dabara ce a wasan dariya, ba Hungari ta ƙirƙiro ta ba, kuma ba na cewa masu fina-finan nan sun zauna sun ƙulla wani saƙon ɓoye. Amma ina roƙonku ku tuna garin da ake nuna su. Gari ne da marubucin labarin kansa ke aiki da sunan wani, gari ne da bayan shekara ɗaya ko biyu dubban mutane za su rayu da takardun bogi, inda gane mutum ke nufin ajalinsa. A fim, ranar da asiri ya tonu ita ce ranar biki. Ban iya kallon wannan wurin ba tare da na tuna waɗanda tonon asirinsu ya kai su jirgin ƙasa mai zuwa sansanin gwale-gwale ba.

Wani abin da ya sauya shi ne matan. A Meseautó yarinya tana zaune ne arziki ya same ta. A fina-finan yaƙi ita ce mai ƙulla dabara. Tolnay, da Lili Muráti, da Ida Turay, duk sun fito a matsayin mata masu baki da wayo, waɗanda namiji ke bin bayan shirinsu. Ina ganin wannan bai rasa nasaba da zamanin da maza ke bakin daga, mata ke riƙe da ofis da gida. Sai dai ƙarshen labari yakan maido su inda al'ada ta ajiye su. Misali mafi bayyana shi ne Makrancos hölgy na 1943, wanda aka gina a kan wasan Shakespeare na horar da mace mai taurin kai, inda aka haɗa Jávor da Katalin Karády.

Karády kuwa sai an tsaya a kanta, ko da yake ba 'yar barkwanci ba ce. Ta fito ne a 1939 a Halálos tavasz, wato bazara mai kisa, labarin Lajos Zilahy, inda jarumin ya kashe kansa saboda ita. Da muryarta mai kauri da kallonta mai nauyi ta buɗe wani layi na fina-finan baƙin ciki da ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da na dariya duk tsawon yaƙin. 'Yan mata suka kwaikwayi gyaran gashinta da shigarta, sojoji suna sauraron waƙoƙinta. Mai sayen tikiti ɗaya ne: yau ya je ya yi dariya da Latabár, gobe ya je ya yi kuka da Karády.

Na shida: yaƙin da ba ya cikin hoton

Hungari ta shiga yaƙi da Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1941. A Janairun 1943 aka ragargaza rundunarta ta biyu a bakin kogin Don. Cikin mutum kusan 200,000, sama da 100,000 sun mutu, ko sun ji rauni, ko an kama su. A cikinsu akwai Yahudawan da aka tura aikin tilas ba bindiga ba kayan sanyin kirki. Jenő Rejtő, marubucin labaran dariya da 'yan Hungari ke karantawa har yau, a irin wannan aikin tilas ya mutu a ranar 1 ga Janairun 1943. A shekarar ce Latabár ya sa siket, gidajen silima suka cika.

Idan ka kalli yawancin fina-finan nan ba za ka san ana yaƙi ba. Falo mai faɗi, wayar tarho, gidan rawa, hutu a bakin tafkin Balaton. Sai can a 1944, a fim irin Ez történt Budapesten, ƙarancin kayan abinci ya leƙo cikin labari, shi ma a matsayin abin dariya. Akwai fina-finan farfaganda na zahiri, kamar Őrségváltás na 1942 da Viktor Bánky ya yi da Antal Páger, wanda ya yabi karɓe ragamar kamfanoni daga hannun Yahudawa. Akwai kuma Emberek a havason na István Szőts, a kan wahalar masu saran itace a duwatsun Transilbaniya, wanda ya sami lambar yabo a Venice a 1942. Amma duka biyun tsiraru ne. Abin da ya fi yawa shi ne soyayya, ta dariya da ta kuka.

Shin laifi ne? Ga hukuncina. Matar da mijinta ke bakin Don, ta sayi tikiti don ta sami awa ɗaya da rabi ba tare da tunani ba, ba ni da bakin zarginta. Ɗan wasan da ya ba ta wannan hutun ya yi mata alheri na gaske. Amma gwamnatin da ke tace kowane labari kafin a ba shi sutudiyo ta san amfanin da take samu. Fim ɗin da ke nuna gari lafiya lau, kowa na soyayya, yana koya wa ido ya saba da rashin waɗanda aka cire. Shekara biyar ana dariya ba Kabos, har rashinsa ya daina zama abin tambaya. Wannan sabon yana cikin abin da ya sauƙaƙa abin da ya biyo baya, kuma shi ne nauyin da ke wuyan masana'antar gaba ɗayanta, ko da yake rabon kowa a ciki ba ɗaya ba ne.

Na bakwai: inda kowa ya ƙare

Ranar 19 ga Maris 1944 sojan Jamus ya mamaye Hungari. Tsakanin Mayu da Yuli, da hannun jami'an ƙasar, aka kwashe Yahudawa kusan 437,000, mafi yawansu zuwa sansanin Auschwitz. A Oktoba 'yan jam'iyyar ra'ayin riƙau ta Kibiya da Gicciye suka karɓi mulki, daga Disamba kuma aka yi wa Budapest ƙawanya har 13 ga Fabrairun 1945. Ɗaukar fim ya tsaya.

A nan ne mutanen da suka yi wasa a ɗaki ɗaya suka rabu. Pál Jávor, wanda matarsa Bayahudiya ce kuma ya ƙi rabuwa da ita, an kama shi, aka tsare shi a kurkukun Sopronkőhida, daga nan aka wuce da shi Jamus. Ya tsira, ya tafi Amurka a 1946, inda babban jarumin ƙasa guda ya koma karɓar ƙananan fitowa. Ya dawo gida a 1957, ya rasu a 1959. Karády 'yan Gestapo sun kama ta a 1944 bisa zargin leƙen asiri, suka azabtar da ita wata da watanni. Da ta fito ta ceci wasu yaran Yahudawa, ta ɓoye su har yaƙi ya ƙare. Mulkin kwaminis bai ba ta wuri ba, ta fice a 1951, ta ƙare tana da kantin huluna a New York, ta rasu a 1990. A 2004 cibiyar Yad Vashem ta sa ta cikin waɗanda suka ceci rayuka.

A ɗaya ɓangaren, 'yar wasa Zita Szeleczky ta ci gaba da fitowa tana ƙarfafa gwiwar yaƙi har ƙarshe, ta gudu Ajantina, aka yanke mata hukunci a bayan idonta, daga baya kotu ta soke shi bayan faɗuwar kwaminisanci. Páger ma Ajantina ya tafi, ya dawo a 1956, har ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a Cannes a 1964. Ferenc Kiss ya yi zaman kurkuku. Muráti ta zauna a Sifaniya. Latabár da Tolnay sun tsaya a gida, suka ci gaba da sana'a cikin girma har ƙarshen rayuwarsu.

Su fina-finan, bayan da gwamnati ta karɓe masana'antar a 1948, an ture yawancinsu gefe a matsayin kayan zamanin 'yan jari-hujja. Amma mutane ba su manta ba. A shekarar 2000 masana fim na ƙasar suka sa Hyppolit cikin fina-finai 12 mafi daraja a tarihinsu, kuma tsakanin 1999 da 2006 an sake yin Hyppolit da Meseautó da fina-finan Latabár biyun nan da sababbin 'yan wasa.

Roƙona ga ɗalibai da masu sana'a da ke nan shi ne ku nemi uku ku kalla a jere: Hyppolit, sannan Meseautó, sannan Katyi. Ku duba yadda ake gina rashin fahimta a ɗaki ɗaya da mutum uku, yadda ake shigo da waƙa ba tare da labari ya tsaya ba, yadda ɗan wasan gefe ke ɗaukar rabin nauyin fim. Sannan ku ɗauki sunayen da ke farkon na 1934 ku gwada da na 1942, ku bincika inda kowane sunan da ya ɓace ya tafi.